DAGA FITILAR JACK ZUWA FUSKAR MICKEY: TARIHIN KABEWA DA KATUN A BIKIN HALOWIN

GABATARWA

Duk shekara idan ranar 31 ga watan Oktoba ta zagayo, da magariba ta kawo jiki a garuruwan Amurka da Kanada, sai ka ga ƙofofin gidaje sun ɗauki haske. Kabewa ce aka fafe, aka yanka mata idanu da hanci da wawakeken baki, aka kunna kyandir a cikinta. Yara kuma su yi shigar ɓad-da-kama, su ɗauki jakunkuna su shiga unguwa gida-gida ana ba su alewa da cakulan. A wasu gidajen har liyafa ake shiryawa. Uwargida ta rarraba katin gayyata tun da sauran kwanaki, ta ce bana kowa ya zo cikin kamannin wani tauraron katun, wato zanen nan mai motsi da yara ke kallo a talabijin. Wannan ya zo a Mickey Mouse, wancan a Scooby-Doo, ga wata 'yar ƙanƙanuwa cikin shuɗiyar rigar Elsa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, kowa ya ja kabewarsa, a shiga gasar sassaƙa. Sunan wannan biki Halowin.

Duk wanda ya san asalin daren dole ya yi mamaki. Dare ne na tunawa da matattu da tsoron fatalwa, to ina ya gamu da ɓera mai jan wando da kare mai magana? Ita kanta kabewar, mutanen da suka fara bikin ba da ita suka fara ba. Wannan maƙala za ta bi sawun al'adar daki-daki. Dalilin kawo ta a wannan fili kuwa shi ne, a kusan kowace gaɓa ta wannan tarihi, in mai karatu ya duba da kyau, zai tarar da hannun wani mai alƙalami, ko mawaƙi, ko mai ƙaga labari, ko mai zane.

TUSHE BIYU

Bikin yana da tushe biyu. Na farko yana ƙasashen Ayalan da Sikotlan, inda tun zamanin da mutanensu ke da wani biki mai suna Samhain, ana furta shi Sawin. Yakan faɗo ne a farkon Nuwamba, lokacin da aka gama kaka, aka koro dabbobi gida daga makiyaya, aka yanka na yankawa don tanadin hunturu. Tsofaffin labaran Ayalan, waɗanda malaman coci suka rubuta a tsakiyar zamani, sun nuna daren a matsayin lokacin da ƙofar duniyar iskokai ke buɗewa. A ɗaya daga cikinsu, wani iska mai suna Aillen yakan fito duk daren Sawin, ya yi kiɗan da ke sa kowa barci, sannan ya banka wa fadar Tara wuta, har ranar da gwarzo Fionn ya kashe shi.

Tushe na biyu na coci ne. Paparoma Gregory na Uku, wanda ya yi zamani daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a Rum don girmama dukkan tsarkaka, wato waliyyan Kirista. A shekarar 835 Sarki Louis, mai mulkin yankin Faransa da Jamus na yau, ya tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranarsu a duk daularsa. Daga baya Odilo, shugaban gidan ibada na Cluny a Faransa daga 994 zuwa 1049, ya ware 2 ga Nuwamba don yi wa sauran matattu addu'a. Kalmar Halowin kanta ba ta nufin komai face jajiberen ranar tsarkaka. A bakin mutanen Sikotlan aka dunƙule ta ta zama kalma guda.

Littattafai da yawa kan ce coci ce ta ɗora ranarta a kan Sawin don ta shafe bikin arna. Masanin tarihin nan na Ingila, Ronald Hutton, ya bi diddigin maganar a littafinsa na 1996 mai suna The Stations of the Sun, ya nuna cewa tsohuwar cocin Ayalan a watan Afrilu take bikin tsarkakanta, kuma zaɓin 1 ga Nuwamba ya fi ƙarfi ne daga ɓangaren Jamus da Ingila. Abin da ya tabbata shi ne, al'adun biyu sun faɗo a dare ɗaya, suka cuɗanya a hannun talakawa har ya zama da wuya a tsefe su. Wannan darasi ne ga mai son rubuta tarihin al'ada: yawan maimaita zance ba ya mayar da shi hujja.

MASU BARA DA MASU ƁAD-DA-KAMA

A Ingila ta tsakiyar zamani, talakawa da yara kan bi gida-gida a waɗannan kwanaki, a ba su wani ɗan gurasa mai zaƙi, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. Shakespeare ma ya yi shaguɓe da muryar irin waɗannan mabarata a wasansa The Two Gentlemen of Verona. Da Furotesta suka karɓe cocin Ingila a ƙarni na 16, suka hana yi wa matattu irin wannan addu'a, sai al'adar ta raunana. Bayan 1605 kuma, shekarar da aka kama Guy Fawkes yana shirin tarwatsa majalisar dokoki da albarushi, hura wuta da shagalin lokacin suka koma daren 5 ga Nuwamba.

A Sikotlan da Ayalan ne abin ya riƙe ƙarfinsa. Samari kan shafa toka ko baƙin tukunya a fuska, su sa tsumma ko su juya riga, su je ƙofar maƙwabta su yi waƙa ko barkwanci, a ba su tuffa ko 'yan kuɗi. 'Yanmata kuwa duba suke yi don sanin mijin da za su aura. Mawaƙin Sikotlan Robert Burns ya tsara waƙa mai suna Halloween a 1785, aka buga ta a 1786. A cikinta ya kwatanta yadda matasan ƙauye ke rufe ido su tumɓuke kabeji a gona don ganin siffar masoyi, da yadda ake jefa 'ya'yan itace biyu a wuta a ga ko za su ƙone tare ko ɗaya zai yi tsalle. Bai tsaya nan ba, sai da ya yi wa waƙar sharhi a ƙasa yana bayyana kowace al'ada. Wannan sharhi ya zama jagora. 'Yan Sikotlan da suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka sun riƙa karanta waƙar a tarukansu na daren, daga baya masu rubuta littattafan shirya liyafa suka yi ta ɗiba daga cikinta.

JACK MAROWACI

Fitilar kabewa sunan wani mutum take ɗauke da shi, Jack mai fitila. Tun a ƙarni na 17 Turawan Ingila ke kiran mai gadin dare da wannan suna, suna kuma kiran wata wuta da ake hange da dare a kan fadama da shi. Mutanen Ayalan kuwa suka yi wa wutar tatsuniya.

Wai an yi wani mashayi marowaci mai suna Jack. Ran nan ya zauna shan giya da Shaiɗan, da aka zo biya sai ya lallashe shi ya rikiɗa ya zama sisi. Shaiɗan na rikiɗa, Jack ya jefa shi aljihu kusa da gicciye, ya kasa komawa kamanninsa sai da ya yi alkawarin ɗaga masa ƙafa. Da wa'adi ya cika, Jack ya roƙe shi ya hau bishiya ya tsinko masa tuffa. Yana hawa, Jack ya zana gicciye a gindin bishiyar, bai bar shi ya sauko ba sai da ya rantse ba zai taɓa ɗaukar ransa ba. Da Jack ya mutu, aka hana shi shiga aljanna saboda halinsa, ya nufi wuta, Shaiɗan ya ce alkawari kaya ne. Ya jefa masa garwashi ɗaya ya kore shi. Jack ya sa garwashin cikin wata saiwa da ya fafe, yana ta gararamba a duhu har yau. Wayo ya yi masa yawa, ya bar shi ba tsuntsu ba tarko.

Mujallar Dublin Penny Journal ta buga wani salo na wannan labari a tsakiyar shekarun 1830, daga nan ya fita daga bakin murhu ya shiga takarda. Saiwar da ake magana kuwa ita ce tanif, wata dunƙulalliyar saiwa mai tauri da ake ci ana kuma ba dabbobi. Fafe ta aiki ne ja, fuskar da ke fitowa kuwa abin tsoro ce. A gidan tarihin ƙasar Ayalan da ke kusa da Castlebar akwai kwafin irin wannan fitila da aka samo daga ƙauyen Fintown na yankin Donegal, mai ƙananan idanu da yamutsattsun haƙora. Wanda ya gan ta zai gane cewa ba don raha aka fara abin ba.

YADDA KABEWA TA KARƁI AIKIN

Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. A kogon Guilá Naquitz na jihar Oaxaca a Meziko an tono 'ya'yanta da aka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Sai bayan 1492 ta tsallaka teku zuwa sauran duniya, a ayari ɗaya da masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Ashe kabewar da ke cikin miyar taushe baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Duman da ake fafe ƙwarya da shi ne ɗan asalin Afirka.

Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa a Ayalan. Yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. Sun tafi da darensu da tatsuniyoyinsu. A can suka tarar da kabewa tuli a daidai watan Oktoba, ga ta da girma, ga taushi, ga ciki a buɗe. Wa zai tsaya kokawa da tanif?

Sai dai kada a ce baƙin ne suka koya wa Amurkawa yanka fuska a kabewa. Mawaƙi John Greenleaf Whittier, wanda aka haifa a 1807, ya tuna a waƙarsa The Pumpkin yadda suke yin haka suna yara, su kunna kyandir a ciki, amma a lokacin wasan kaka ne kurum, ba a ɗaure shi da wani dare ba. Tun 1820 kuma Washington Irving ya buga The Legend of Sleepy Hollow, labarin malamin makaranta Ichabod Crane da wani mahayi marar kai ya fafara da dare. Da gari ya waye ba a ga malam ba, sai hularsa da fasasshiyar kabewa. Irving bai ambaci Halowin ba, kabewarsa ma ba sassaƙaƙƙiya ba ce, amma ya dasa wa masu karatu hoton kabewa a matsayin kan mutum cikin duhu. Wasan yaran ƙasa da daren baƙi suka haɗu. Ranar 1 ga Nuwamba 1866 wata jarida a Kingston ta Kanada ta ba da labarin yaran gari sun yi yawo da fitilun kabewa a daren jiya. Kafin ƙarni ya ƙare, kabewa ta zama tambarin bikin.

LIYAFA, MAGANIN ƁARNA

A farkon ƙarni na 20 bikin ya rabu gida biyu. A cikin falo, matan masu hali suna shirya liyafa da wasannin duba irin na waƙar Burns, da wasan cafko tuffa da baki daga cikin baho. A waje kuwa samari ne ke cin karensu ba babbaka: su ciccire ƙyauren shinge, su kifar da ɗakin bahaya na katako, su saki shanu cikin gari. Abin ya ishi mutanen Anoka ta jihar Minnesota, sai a 1920 suka shirya jerin gwano da rabon alewa da gyaɗa da hura wuta a dandali, don a ɗauke hankalin yara. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, ɓarnar ta ƙazanta a birane har ta kai ga kifar da motoci. Makarantu da coci-coci da iyaye suka ga ba mafita sai su riƙe yaran da shagali.

A nan ma marubuta ne suka shimfiɗa hanya. Kamfanin Dennison, mai yin takardar ado a Massachusetts, ya fara fitar da wani ɗan littafi mai suna Bogie Book a 1909, ya ci gaba daga 1912 har cikin shekarun 1930. Littafin yana koya wa uwargida yadda za ta rubuta katin gayyata, ta ƙawata ɗaki da baƙi da ruwan goro, ta ɗinka sutura da takarda, ta jera wasanni daga isowar baƙi har sallama. Ruth Edna Kelley kuma ta buga The Book of Hallowe'en a 1919, littafi na farko a Amurka da ya ba da cikakken tarihin bikin. Tsarin liyafar yau, jigo guda da ado guda da gasa da kyauta, daga waɗannan shafuka ya fito.

Bin gida-gida ma aka gyara masa zama. Yara su ƙwanƙwasa ƙofa su ce wa mai gida ya zaɓa, ko kyauta ko tsiya. Wannan kirari ya fara bayyana ne a jaridun Kanada, daga ciki har da wani rahoto na garin Blackie a Alberta a 1927. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakushe shi, don an yi rabon sukari da kati a Amurka daga 1942 zuwa 1947. Da aka saki sukari, aka kuma gina sababbin unguwanni cike da ƙananan yara, sai al'adar ta bazu kamar wutar daji.

KATUN YA SHIGO FAGE

Tun yana jariri katun ya ƙulla zumunci da dare da kabari. Ranar 18 ga Nuwamba 1928 aka nuna Steamboat Willie, fim ɗin da ya fito da Mickey Mouse. A shekara mai bi Walt Disney da mai zanensa Ub Iwerks suka saki The Skeleton Dance, inda ƙwarangwal huɗu ke tiƙar rawa a maƙabarta, ɗaya na kiɗa da haƙarƙarin ɗan'uwansa. Abin da ke sa tsikar jiki tashi ya koma abin dariya. A 1933 kamfanin Fleischer ya sa Betty Boop ta shirya liyafar Halowin a fim. A 1945 aka fito da Casper, fatalwar da ba ta son tsorata kowa, aboki kawai take nema. A 1949 Disney ya mayar da labarin Irving katun, ya kuma ƙara abin da Irving bai rubuta ba: mahayin ya jefi Ichabod da fitilar kabewa tana ci da wuta. Da yawa daga waɗanda suka ce sun san labarin, wannan hoton suka sani.

A 1952 Disney ya saki Trick or Treat. Donald Duck ya sa wa 'ya'yan 'yar'uwarsa uku abin fashewa a jaka maimakon alewa, ya kuma sheƙa musu ruwa, sai wata mayya ta taya su ramawa. Cikin 'yan mintoci fim ɗin ya koya wa miliyoyin yara ƙa'idar daren, ya kuma gargaɗi manya.

Babban tambari shi ne na Charles Schulz, mai zanen Peanuts a jaridu. A 1959 ya ƙago wa yaro Linus wani imani, wai akwai Babbar Kabewa da ke fitowa daga gona a daren Halowin ta raba wa yara kyauta. Ranar 27 ga Oktoba 1966 tashar CBS ta nuna It's the Great Pumpkin, Charlie Brown, kusan rabin masu kallon talabijin a wannan sa'a shi suka kalla. Duk kayan liyafar suna ciki: Lucy ta soka wa kabewa wuƙa Linus ya fashe da kuka, yara sun yi shigar fatalwa da zanin gado, an yi wasan tuffa, har an gwada zanen fuskar kabewa a ƙeyar Charlie Brown. Shi kuwa Charlie Brown ya huhhuda zaninsa fiye da kima, kowane gida ya je dutse ake jefa masa a jaka. Schulz ya ba da labarin cewa bayan an nuna fim ɗin, mutane sun yi ta aiko da alewa wai a ba Charlie Brown. Yaron da babu shi sai a takarda, ga shi an tausaya masa da kuɗin aljihu. Marubucin da ya kai nan ya gama aikinsa.

Daga nan hanya ta buɗe. Scooby-Doo ya fara a 1969, kuma kusan kowane kashi nasa da tuɓe fuskar dodo yake ƙarewa, a tarar mutum ne mai kwaɗayi. The Simpsons suka fara shirinsu na Halowin na shekara-shekara a 1990, da waƙar The Raven ta Edgar Allan Poe a kashin farko. A 1993 aka fito da The Nightmare Before Christmas, wanda tauraronsa ƙwarangwal ne mai suna Jack, sarkin kabewa. Sunan tsohon marowacin nan ya dawo ta wata ƙofa.

FUSKAR ROBA DA ƊAN ZARTO

Kafin shekarun 1930 uwa ce ke haɗa wa ɗanta sutura da abin da ke gida. Wanda ya sauya wannan shi ne Ben Cooper, wani mai ɗinka kayan 'yan wasa a New York. Ya kafa kamfaninsa a Brooklyn a 1937, ya karɓi ragamar kamfanin A. S. Fishbach da ke da lasin yin suturar taurarin Disney irin su Donald Duck da Snow White. Abokan gasarsa su ne Collegeville da Halco. Bayan yaƙi kayansu suka cika kantuna: kwali mai tagar leda, fuskar roba mai zaren ɗaurewa a ƙeya, da 'yar riga mai hoton tauraron da sunansa a ƙirji. Spider-Man ya fito a mujallar zane a 1962, a 1963 Ben Cooper ya riga ya sa suturarsa a kasuwa. Dabarar ita ce a sayi lasin tun tauraro bai yi tsada ba.

A ƙarshen Satumba 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha ƙwayoyin Tylenol da wani ya sa wa guba. Iyaye suka tsorata, da yawa suka hana yara bin gidaje a shekarar, liyafar cikin gida ta ƙara daraja. Masanin zamantakewa Joel Best ya binciki rahotannin jaridu na shekaru da dama, ya buga sakamakon a 1985, bai sami shaidar cewa wani baƙo ya taɓa kashe yaro da alewar Halowin ba. Amma tsoro ba ya jiran hujja. Manya kuma suka shigo bikin da ƙarfi suna neman sutura mai tsada. Kamfanin Ben Cooper ya durƙushe, a 1992 Rubie's ya saye shi.

Ita ma kabewar an gyara ta don wuƙa. Wani manomi a Massachusetts, John Howden, ya tace wani iri tsakanin shekarun 1960 da 1970, mai tsayuwa daram, mai kaurin hannu, mai launi ɗaya. Da irinsa ake sassaƙa, ba a damu da daɗinsa a tukunya ba. A 1986 John Bardeen ya kafa Pumpkin Masters a Denver, yana sayar da dabarar da mahaifinsa ya ƙago wa 'ya'yansa: a yanke murfi a karkace don kada ya faɗa ciki, a kwashe 'ya'yan, a kankare bango ya yi siriri, a manna takardar zane, a bi layin da tsinke ana hudawa, sannan a bi hudojin da ɗan ƙaramin zarto. Da wannan ne fuskar kabewa ta tashi daga ido mai kusurwa uku ta koma kunnuwan Mickey da hancin Snoopy. Da yake sassaƙaƙƙiyar kabewa ba ta wuce 'yan kwanaki take ruɓewa, akan sa liyafar dab da ranar. A nan kam Bahaushe zai ga an saɓa masa, ana fafe gora ranar tafiya.

Girman abin ya kai inda a 2013 garin Keene na New Hampshire ya kunna fitilun kabewa 30,581 a lokaci ɗaya. A 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka ta ƙiyasta za a kashe dala biliyan 12.2 a bikin, biliyan 4.1 daga ciki a kan sutura kaɗai.

KAMMALAWA

Tsakanin Jack da Mickey akwai bambanci guda da ya kamata marubuci ya tsaya a kansa. Jack ba shi da ubangida. Kowace tsohuwa a Ayalan tana da ikon ƙara masa ko rage masa, shi ya sa labarinsa ke da salo barkatai. Mickey kuwa dukiya ce mai takarda da lauyoyi. A 1989 Disney ya tilasta wa wasu gidajen renon yara uku a Florida goge hotunan taurarinsa daga bangonsu. A 1998 majalisar Amurka ta tsawaita haƙƙin mallakar irin waɗannan ayyuka zuwa shekara 95, sai ranar 1 ga Janairu 2024 Mickey na cikin Steamboat Willie ya zama na kowa, shi ma tsohon kamanninsa kawai. Yaron da a da yake shafa toka ya zama abin da ransa ya raya masa, yau yana zaɓa ne daga cikin abin da aka jera a kanti. A gefe guda kuma, wannan haƙƙin ne ya ciyar da Schulz shekara hamsin yana zane, daga 1950 har rasuwarsa a 2000. Duk wanda ya taɓa ganin an kwafe littafinsa ana sayarwa a kasuwa ba da saninsa ba, ya san darajar wannan kariya.

Mai karatu zai yi ta tuna tashe tun daga farkon wannan bayani, yara da gemun auduga suna bi gida-gida da dare a ba su hatsi ko kuɗi. Ba dangantakar jini tsakaninsu, kowanne da tushensa da ma'anarsa. Amma tambayar da tarihin Halowin ya tayar ta shafe mu: wa ke ba yara taurarin da suke kwaikwayo? Gizo da Ƙoƙi sun shiga ɗab'i tun 1911 zuwa 1913, lokacin da aka buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, kuma abin mamaki a Belfast aka buga shi, a tsibirin su Jack. Ibrahim Yaro Yahaya ya sake kai su aji da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Gizo bai gaza Jack wayo ba, bai gaza Donald Duck ban dariya ba. Abin da Jack ya samu shi ne jerin masu alƙalami, kowane zamani da nasa, wannan ya rubuta, wancan ya zana, wani ya sa masa motsi da murya. Burns ɗan manomi ne da ya ga wasan ƙauyensu ya isa a yi masa waƙa har da sharhi. Matashin marubucin da ke neman jigo, ya tambayi ƙanensa ɗan shekara bakwai ya zana masa Gizo, sannan ya ce ya zana masa Spider-Man. Abin da ya gani a takardun biyu ya ishe shi sanin inda aiki yake.